Kullen Kwana Sittin

Ku gyara zama, amma kada ku yi saurin tausaya min, domin a wannan karon ni ce mai laifi. Na saba zuwa nan in kawo muku ƙarar Mama da Yaya, ku kuma ku cika min waya da "ki yi haƙuri, 'yar uwa." Yau ba ni za a ba haƙurin ba. Akwai wanda ya fi ni cancantarsa, kuma ni na jawo masa.

Wanda yau ya fara karanta ni, ga ni a taƙaice. Shekarata ashirin da takwas, ni ce auta a gidanmu, sana'ata rubuta manhaja. Da rana ina yi wa wani kamfani aiki, in na samu sarari kuma sai in koma wa aikin da nake so da gaske, wanda ba wanda ya sa ni. Mu goma sha huɗu ne muke gina wata manhaja mai suna Alli, wadda ƙananan makarantu ke ajiye sunayen ɗalibai da makinsu a ciki. Kyauta ce, kuma a buɗe take: kowa na iya duba kod ɗinta, wato rubutun da ke sa ta aiki, ya kwafa, ya gyara, ya ba wanda ya ga dama. Yawancinmu ba mu taɓa ganin juna ido da ido ba. Shugabarmu wata tsohuwar malamar lissafi ce da muke kira Kaka, wadda in ta rubuto maka "Na gani" sai ka wuni kana tunanin me ta gani.

A jikin Alli na fitar da wani reshe nawa, na sa masa suna Tattabara. Aikinsa ya kai wa iyaye sakamakon 'ya'yansu ta saƙon waya, yadda ko an ɓoye takarda a ƙarƙashin katifa labari ya riga ya isa. Da reshen ya girma, Kaka ta ce lokaci ya yi da za a yanke abu biyu: ina za a ajiye kod ɗinsa, kuma wane adireshi za a ba shi a intanet.

In kuna zaton wannan maganar minti biyar ce, ba ku san mutanenmu ba. Sati biyu muka yi muna ja-in-ja a zauren tattaunawarmu, wanda shi ma a buɗe yake, duk mai waya na iya shiga ya karanta. Wasu suka ce Tattabara ta fita ta yi gidanta daban a babban dandalin da ake ajiye kod. Wani ya ce a'a, a ɗora ta a tsohuwar sabar da ke ofishin Kaka, wato kwamfutar da ke ajiye shafuka, don kada mu dogara da kamfanin kowa. Kaka da kanta ta ba shi amsa: "Sabar nan da an ɗauke wuta take suma. Kai za ka riƙa zuwa kana yayyafa mata ruwa?" Daga ƙarshe aka tsaya a kan kod ɗin ya zauna a gidan Alli, a ware masa ɗakinsa, don wanda ya zo neman uwa ya ga 'yar.

A kan adireshi kuwa ni na kafe. Na ce in aka rataya shi a jikin na Alli zai yi tsawo, kuma uban da ke tsaye a shago yana sallamar mutane ba zai tsaya danna haruffa talatin ba. Aka yarda a yi masa gajeren adireshi na kansa, kalma ɗaya, tattabara. Aka ce ni zan yi rajistar, a asusun ƙungiya.

Ku riƙe wannan "a asusun ƙungiya" da kyau. Muna da doka: abin ƙungiya ba ya zama a aljihun mutum ɗaya, kowane asusu mutum biyu ne ke riƙe da makullinsa. Ni na rubuta dokar da hannuna bara, bayan wani ya yi fushi ya fice da kalmar sirrin tsohon shafinmu, muka yi wata uku muna ba shi baki. Na yi ta huɗuba a kanta har wasu suka koma kirana alƙaliya.

To, bari in shigo da shi, wanda na ce ya fi ni cancantar haƙurin. Yaya ce ta raɗa masa Sannu-Sannu, saboda in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya duba agogo, ya yi tunani, sannan ya amsa. Ɗan wani tsohon abokin aikin Baba ne, yana da ƙaramin kamfani mai ba mutane hayar wurin ajiye shafukansu da yi musu rajistar adireshi. Da Mama ta ji sana'arsa sai ta ce magana ta ƙare. "Ke kwamfuta, shi kwamfuta, sai me kuma kike nema?" Ni kuwa a gidanmu an san halina, babu manemin da ya taɓa wuce zuwa na uku. Ina da wata doguwar riga ruwan toka marar ko ɗigon ado. Yaya na kiranta rigar sallama, don duk ranar da na sa ta na fito falo, baƙon ya yi zuwansa na ƙarshe ke nan.

Asabar ɗin da aka yanke maganar adireshi ita ce zuwansa na uku. Tun da safe na goge rigar.

Ƙarfe huɗu saura, ina zaune a bakin gado da kwamfuta a cinya, ina ƙoƙarin shiga asusun ƙungiya. Asusun ya ce sai na sa lambar da aka tura wa wayar Kaka. Na kira Kaka, a kashe. Na tura saƙo, bai shiga ba. Sai na tuna ta ce za ta je ganin jikarta a inda sai an hau tudu ake samun sabis, sai Talata za ta dawo. Matsalar ita ce, sunan da muka zaɓa yana nan a rubuce a zauren da kowa ke karantawa, kuma akwai masu sana'ar bin irin waɗannan zaurukan, su riga ka yin rajistar sunanka, sannan su naɗe hannu su jira ka zo kana roƙo. Na gwada yi da kaina, katin bankina ya ƙi wucewa har sau uku.

Mama ta ɗaga labule ta leƙo. "Yana falo."

Ta kalli rigar, ta kalle ni.

"Kin sa ta ke nan."

"Mama, ita ce a goge."

"Ni na haife ki, 'yar nan. Yaron nan mai hankali ne. In kika kore shi, ke za ki je ki yi wa Babanki bayani da bakinki, ni na gaji da zama lauyarki."

Na fito da kwamfutar a rungume, abin da ban taɓa yi wa baƙo ba. Yana zaune a kujerar kusa da taga cikin farar riga, ya naɗe hannuwanta ninki biyu, dama da hagu daidai wa daida. Mama ta fito da kofunan gilashin nan da ba a taɓa su sai ga baƙon da ake so ya dawo. Fanka tana ta ƙorafinta a sama.

"Injiniya," in ji shi, haka yake kirana, "yau fuskar babu sabis."

Ban yi niyyar gaya masa ba, amma abin ya cika min ciki, sai kawai na zazzage. Ya saurara har na kai aya, bai katse ni ba.

"Wane suna ne?"

Na faɗa. Ya ciro wayarsa, ya danna, ya jira, ya sake dannawa. Shayin da ke kofinsa bai daina tururi ba ya juyo min da fuskar wayar.

"An yi. Yanzu babu mai ɗauka. Yana asusun kamfanina, duk lokacin da kika shirya sai ki faɗa."

Na ji wani sanyi ya sauko min har ƙafa, na yi masa godiya har sau biyu. Sai da na ɗaga kofi zan kai baki abin ya zo min gaba ɗaya. Adireshin ƙungiya yana aljihun mutum ɗaya, mutumin ma ba ɗan ƙungiya ba, kuma shi ne mutumin da na sa rigar korarsa. Jawabin sallamar da na haddace tun safe yana kan harshena. Na haɗiye shi da shayi, na tambaye shi yaya aiki.

Yana fita na ruga ɗaki na yi bincike. Sabon adireshi ba ya ƙaura daga kamfanin rajista zuwa wani kamfanin sai ya cika kwana sittin, kuma asusun ƙungiyarmu a wani kamfani yake daban. Na daɗe ina kallon adadin nan. Sannan na buɗe zaure na rubuta: "An yi rajista. Kaka ba ta kusa, shi ya sa na ajiye shi a asusuna na wucin gadi. In kullen kwana sittin ya buɗe zan dawo da shi gida."

A asusuna, na ce. Ranar Talata Kaka ta dawo ta rubuta, "Na gani. Ke ai tamu ce." Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙin ɗauka.

Na san abin da za ku tambaya. Me ya hana in gaya masa gaskiya a ranar, in ce ga adireshi a hannunka, ga kuma abin da ke zuciyata, kada ka haɗa su? Tsoro ne, da mugun zato. Na ce wa kaina namijin da aka ce wa a'a ba a san me zai yi da abin da ke hannunsa ba. Ban taɓa ganin ya taka ko kiyashi ba, amma na ɗauki laifin wancan da ya tafi mana da kalmar sirri na ɗora masa. Ga kuma girman kai: alƙaliya ce za ta tsaya gaban mutum goma sha uku ta ce ta karya dokar da ta rubuta? Sai na yanke shawarar da har yanzu in na tuna nake jin kunyar kaina. Zan lallaɓa shi kwana sittin, in karɓi adireshin, sannan in sake goge rigar. Na buɗe kalandar waya na sa alama a rana ta sittin da ɗaya.

Kullum ƙarfe bakwai da minti goma saƙonsa ke shigowa: "An tashi lafiya, Injiniya?" Na tsara wa kaina ƙa'ida kamar mai shan magani. In jira minti ashirin, in amsa da layi biyu, in ƙara fuskar murmushi ɗaya, kada ta wuce ɗaya. Ran Asabar in fito falo, in yi dariya inda ake dariya, in raka shi har bakin ƙofa. Na ƙware har na fara tsoron kaina.

Gida kuwa ya ɗauka. Mama ta koma rera waƙa a kicin, ta canza labulen falo zuwa masu ruwan zuma, ta daina yi min zancen 'ya'yan ƙawayenta da aka yi wa aure. Yaya ta zo da yaranta, ta buɗe durowar kayana tana bincike.

"Ina rigar sallama? Ɓera ya ci ne?"

"Yaya, don Allah ki fita min a ɗaki."

"Zuwa na shida fa. Ni dai in kin ƙi shi ki ba ni, in ajiye shi a falo don ado, ba ya hayaniya."

Wanda ya fi kashe min jiki Baba ne. Ba ya shiga irin wannan zancen, amma wata safiya yana ɗaure igiyar takalminsa ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Uwata, na ga baƙon namu ya kusa zama ɗan gida. Na ji daɗi." Na ce to, na shige banɗaki na buɗe famfo don kada a ji numfashina.

A sati na huɗu Kaka ta turo hoto a zaure. Makarantu goma sha ɗaya sun buga adireshin a ƙasan katin sakamako, kati dubu huɗu da wani abu. Kowa na ta turo barka, ban da ni. Kafin wannan, in abu ya ɓaci sai mu canza suna mu ci gaba. Yanzu babu wannan ƙofar. In mutumin nan ya ga dama ya kashe adireshin, iyaye dubu huɗu za su danna su tarar da bango, kuma ni kaɗai a duniya na san haka. A ranar na ƙara masa fuskar murmushi ta biyu.

Ga inda lissafin ya kwance min. Asabar ce, kwana na arba'in da biyu. Wata shugabar makaranta ta kira da safe a fusace, Tattabara ta kai wa wani uba sakamakon yaron da ba nasa ba, har ya yi wa ɗansa faɗa a kan makin wani. Na wuni a kan kod ɗin ban ga kuskuren ba. Da ya zo, na fito da tsohon ɗankwali da rigar zaman gida, na manta ma da cewa akwai rawar da nake takawa.

Duk namijin da na sani a sana'ar nan, da ka ce masa abu ya ƙi sai ya ce "kawo in gani," ya janye kwamfutar daga gabanka. Shi ko matsowa bai yi ba. Ya zauna inda yake, hannuwansa a kan gwiwa, yana tambaya ɗaya bayan ɗaya.

"Da me take gane yaro?"

"Da sunansa da ajinsu."

Sai ya ce, "A ajinmu na firamare mu uku ne masu suna ɗaya. Har da sunan uba, biyu daga ciki."

Na tsaya cak. Na koma layi na ɗari biyu da wani abu, ga kuskuren nan yana kallona. Na gyara, na sa ta riƙa bin lambar ɗalibi, na gwada, ta yi daidai. Na juyo na ce masa ya cece ni.

"Ke kika gano. Ni labarin firamare kawai na ba ki."

Na yi dariya, irin wadda ban shirya ba, har da buga cinya, har Mama ta leƙo ta koma. Da na raka shi bakin ƙofa ban so ya shiga motar ba. Washegari saƙonsa ya shigo ƙarfe bakwai da minti goma, na duba sai na ga na riga na amsa a bakwai da sha ɗaya. Asabar ta gaba na tsinci kaina gaban madubi, na sa shuɗiyar riga na cire, na sa mai ruwan ganye na cire, ina jin haushin mayafin da bai dace da ko ɗaya ba.

Za ku ce ai shi ke nan, abu ya yi kyau. Bai yi ba. Da can ina cutar mutumin da ban damu da shi ba, yanzu kuma ina cutar wanda nake so, da ƙarya iri ɗaya. Sau biyu na buɗe baki zan gaya masa, sau biyu na rufe, ina ce wa kaina a bar kaza cikin gashinta. A kwana na hamsin ya ce min kawunnansa na son su zo su gaisa da Baba. Na ce "To," kuma Allah ne shaidata da zuciya ɗaya na faɗa. Na yi wa kaina alkawari: in karɓi adireshin, hannuna ya fita, wata rana can gaba in ba shi labarin mu yi dariya.

Ranar Alhamis, kwana na sittin da ɗaya, kafin ma kalanda ta tuna min Kaka ta riga ta: "Yau kulle ya buɗe, ko?" Da hutun rana ya yi na hau mota zuwa ofishinsa. Hawa na biyu ne, a saman wani shagon buga takardu, sai ka bi matakala mai ƙanshin tawada. Ɗaki biyu ne kacal, ɗaya na tebur da kujeru, ɗaya mai ƙofar gilashi inda na'urori ke gurnani da ƙananan fitilu kore. Sanyin wurin ya sa na ja mayafina. Ya miƙe, ya ba ni kujerarsa mai laushi, shi ya ɗauki ta roba.

Na yi zancen zafin gari, na yi na cunkoson hanya, sannan na jefa ta kamar abin da na tuna yanzu.

"Af, adireshin nan namu. Ina ganin ya kamata in mayar da shi asusun ƙungiya."

Ya jawo durowa, ya ciro wani farin ambulan ya ajiye a gabana. Na buɗe. Lambar ƙaura ce, wadda mai adireshi ke bayarwa in zai sake shi, an buga ta da manyan haruffa don kada a yi kuskuren kwafa.

"Tun ƙarfe takwas na cire kullen," in ji shi. "Kina sa lambar zan amince daga nan, ba sai kin jira ba."

"Ya aka yi ka san yau zan tambaya?"

"Injiniya, sana'ata ce. Kwana sittin ba baƙon lissafi ba ne a wurina."

Na yi ƙoƙarin murmushi, fuskata ta ƙi.

"Zaurenku a buɗe yake," ya ci gaba, a hankali kamar kullum. "Ranar farko da na koma gida na shiga, don in san aikin da kike so haka. Na ga kin rubuta a asusunki yake. Na ce ƙila kunya ce. Daga baya Yayarki tana min ba'a, ta ce ni ne na farko da na ga rigar toka na kuma dawo. Sai na haɗa ɗaya da ɗaya."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na buɗe baki, ya ɗaga hannu kaɗan.

"Bari in gama, in na tsaya ba zan iya ci gaba ba. Kullen nan daga kamfani zuwa kamfani ne. Da kin buɗe asusu a inda nake rajista, da a ranar na tura miki shi hannunki, minti biyar. Ko kin kore ni ko ba ki kore ni ba. Me zan yi da adireshin yaran makaranta?"

"Me ya sa ba ka gaya min ba?" Muryata ko ni ban gane ta ba.

"Nawa laifin ke nan. Na san in na faɗa ba za ki ƙara fitowa falo ba, sai na yi shiru don in samu kwana sittin. Na yi maganar kawunnaina ne don in ga ko za ki tsaya a nan. Kika ce to. Tun ranar ban san abin da zan yi da wannan to ɗin ba. Jiya na ce musu su ɗan dakata."

Hawaye suka zubo min, na bar su, don ban ga ina da hurumin gogewa ba. Shi ma idonsa ya kaɗa, ya juya yana kallon fitilun bayan gilashi.

"Tambaya ɗaya gare ni," in ji shi. "A cikin sittin ɗin nan, nawa ne nawa?"

Na ɗago zan yi magana.

"Kada ki amsa yanzu. Ki je ki kai adireshin gida tukuna. In ya bar hannuna sai ki amsa, don in san ba shi ke magana ba."

Ban koma wurin aiki ba. Na wuce gida, na shige ɗaki da takalmina a ƙafa, na kira Kaka ta karanto min lambar da ta shigo wayarta. Na shiga asusun ƙungiya, na kwafe abin da ke cikin ambulan harafi bayan harafi. Kafin in gama share fuskata ya riga ya amince daga can. Wajen ƙarfe biyar allon ya nuna tattabara a jerin kayan ƙungiya, da sunana da na Kaka a matsayin masu makulli. Na shiga zaure na rubuta cewa adireshi ya dawo gida, na ƙara da cewa bai taɓa zama a asusuna ba, a hannun wani bawan Allah yake wanda ya riƙe mana amana fiye da yadda ni na riƙe, kuma na yi musu ƙarya. Na tura ban sake karantawa ba, na rufe kwamfutar kafin amsoshi su fara shigowa.

Sai na ɗauki waya na buɗe sunansa. Yanzu babu komai nawa a hannunsa, babu abin da zai iya kashewa ko ya riƙe. Na san amsar, don na ƙirga ta a mota har sau uku. Zan iya rubuta sittin, kuma na san akwai wani ɓangare na zuciyarsa da zai so ya yarda. In kuwa na rubuta gaskiya, na sa hannu ke nan a kan kwana arba'in da ɗaya da na yi ina auna masa murmushi da cokali.

Na rubuta: "Goma sha tara."

Saƙon ya shiga, alamar ta nuna ya karanta. Ina riƙe da wayar da hannu biyu Mama ta ɗaga labule, da awon tela a wuyanta.

"Ke, ki tambayar min shi ranar da kawunnan nasa za su zo. Ina so a sake wa kujerun nan riga kafin lokacin."

Na ce to, Mama, ban juyo ba. Wayar ta girgiza a hannuna.

"Na gode da ba ki ce sittin ba."

Mama na tsaye tana jiran in ba ta rana, ni ina jiran layi na biyu. Har ta gaji ta saki labulen ta koma falo, bai zo ba.